AGOGO MAI ƘIRGA TAKU: GASKIYAR LISSAFINSA DA ƘARKON BATIRINSA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Gidan Dahala mazauna birane



Gabatarwa

Sa'ad da kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan agogon hannu, mun san za a sami wanda zai ce a ransa: ga maganar ruwan sha, ga ta magudanan ruwa, ga ta makarantar yara, me ya kai mu ga agogo? Muna roƙon a yi mana uzuri. Wanda duk ya dubi hannuwan mahalarta wannan taro zai ga yawancinmu mun ajiye agogon ƙarfe na da, mun ɗaura wani baƙin abu mai fuskar gilashi wanda ke ƙirga takunmu, yana auna bugun zuciyarmu, har yana gaya mana yadda muka yi barci. Bugu da ƙari, ya shiga cikin tsarabar da muke kawo wa iyayenmu. Abin da ya kai hannun mahaifi mai hawan jini ko mahaifiya mai ciwon suga ya wuce ado, ya zama maganar rai. Saboda haka za mu dubi abubuwa uku: dalilin ƙirga taku, gaskiyar lissafin da agogon ke bayarwa, da kuma yadda batirinsa ke jure zafin Sakkwato.

Yadda muka bar tafiyar ƙasa

Mu jikokin matafiya ne. Fataken ƙasar Hausa da ƙafa suke zuwa Gwanja sayo goro, suna lissafin nisa da zango. Alhazan farko da ƙafa suka ratsa Borno da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya. Jajin 'yan-taru na Nana Asma'u da ƙafa suke jagorancin mata daga ƙauyuka zuwa neman karatu. Ko a zamanin ƙuruciyarmu, yaro kan tafi makaranta a ƙasa, ya dawo ya tafi makarantar allo, a aike shi kasuwa, ya ɗebo ruwa, ba wanda ya kira wannan motsa jiki. Rayuwa ce kawai.

Yau fa? Daga ɗaki sai mota, daga mota sai kujerar ofis, daga ofis sai gaban talabijin. Masallacin da ke bayan layi ma sai an tayar da mota. In mun zo gida hutu, tafiyar da ba ta kai minti goma ba sai mun tsayar da ɗan kabu-kabu. Tuwo da fura da nama kuwa ba mu rage ba, hasali ma mun ƙara musu lemon kwalba.

Sakamakon wannan sauyi an auna shi a nan gida. Farfesa Anas Sabir na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da abokan aikinsa sun binciki yawan masu ciwon suga a tsakanin Fulanin jihar Sakkwato. A sakamakon da suka wallafa a 2011 kan mazauna birni, sun sami kashi 4.6 cikin ɗari. A wanda suka wallafa a 2013 kan mazauna karkara, ba a kai ko kashi 1 cikin ɗari ba. Jini ɗaya, harshe ɗaya, ƙasa ɗaya, amma bambancin ya ninka har fiye da sau biyar. Abin da ya raba su shi ne irin zaman da suke yi da irin abincin da suke ci. Game da hawan jini kuwa, bincike-bincike da dama sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai uku a Nijeriya yana ɗauke da shi, kuma da yawa ba su sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ba da shawarar kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Tafiya da ɗan sauri ita ce mafi sauƙi a cikinsu, ba ta buƙatar kuɗi ko kayan aiki. Matsalar ita ce ɗan'adam ba ya yi wa kansa adalci wajen ƙiyasi. In ka tambayi ɗayanmu zai rantse ya wuni yana zirga-zirga, alhali daga ofishinsa zuwa na maƙwabcinsa ne. A nan ne amfanin agogon yake: shaida ne da ba ya jin kunyar mai gidansa.

Daga ina taku dubu goma ya samo asali?

Kusan kowane agogo yana zuwa da buri na taku 10,000 a rana, har wasu suka ɗauka likitoci ne suka yanke wannan adadi. Asalinsa talla ce. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokiyo, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Sunan ya yi daɗin faɗi, ya bi duniya, ya zauna.

Sai daga baya masana suka zo suka gwada shi. A 2019, Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard a Amurka ta wallafa binciken da ta yi kan mata 16,741 waɗanda matsakaicin shekarunsu 72 ne. Ta gano cewa masu yin taku kimanin 4,400 a rana, mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu sosai a tsawon shekarun binciken in an kwatanta da masu yin 2,700, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. A 2022 mujallar Lancet Public Health ta buga nazarin da ya tattara bincike 15 na mutane fiye da 47,000, inda aka ga cewa ga waɗanda suka kai shekara 60, amfanin kan daidaita tsakanin taku 6,000 zuwa 8,000, ga waɗanda ba su kai ba kuwa tsakanin 8,000 zuwa 10,000. A 2025 mujallar ta sake buga wani babban nazari da masanan Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka jagoranta, wanda ya nuna cewa taku 7,000 a rana, in an kwatanta da 2,000, yana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 47 cikin ɗari.

Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma a fili yake. Riba mafi girma tana wurin wanda ya tashi daga zaman dirshan ya fara motsi. Dattijon da ya tashi daga taku 2,000 zuwa 4,000 ya fi cin riba a kan saurayin da ya tashi daga 10,000 zuwa 12,000. Kada a ɗora wa tsoho nauyin dubu goma, wanda ya haura kilomita bakwai, har ya karaya ya bar abin baki ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda agogon ke lissafi

Ya kamata mu fahimci cewa agogon ba ya ganin ƙafa. A cikinsa akwai wata 'yar na'urar jin motsi wadda ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, tana jin girgiza ta fuskoki uku: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Kowane taku yana aika 'yar girgiza ta cikin jiki, hannu kuma yana lilo a kan wani tsari. Manhajar da ke cikin agogon tana sauraren wannan tsari, in ya yi kama da tafiya sai ta ƙirga. Ke nan hasashe take yi daga motsin hannu. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane.

An gwada ingancin wannan hasashe. A 2015 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun sa mutane 14 tafiyar taku 500 da 1,500 a kan injin tafiya, ana ƙirgawa da ido. Na'urorin da ake maƙalawa a ƙugu ba su kauce da fiye da kashi 1 cikin ɗari ba. Na wuyan hannu kuwa sun rage lissafi, mafi kyawunsu da kashi 1.5, mafi rauninsu da kashi 22.7 cikin ɗari. Manhajojin wayar salula sun tsaya tsakanin ragin kusan kashi 7 da ƙarin kashi 6. An sami ci gaba tun daga lokacin, amma ƙa'idar ba ta sauya ba: na'urar ƙugu takan fi ta wuyan hannu kusa da gaskiya. Kuma wannan gwaji ne na ɗaki, inda mutum ke tafiya miƙe yana lilo da hannu. Rayuwar unguwarmu ba haka take ba.

Inda yake tauye mudu

Akwai yanayi huɗu da agogon ke rage wa mutum haƙƙinsa. Na farko, tafiyar sanyi irin ta tsofaffi. In mutum yana jan ƙafa a hankali, girgizar ba ta da ƙarfin da manhajar za ta yarda taku ne. Wani daga cikinmu ya kawo wa mahaifinsa agogo, bayan kwana uku tsohon ya kira shi ya ce: "Ɗana, wanga agogo maƙaryaci na. Tun da sahe nike tahiya, shi ko ya ce ban yi komi ba." Tsohon yana da gaskiya. Sanda ce a hannun da aka ɗaura agogon, tafiyar kuma ta dattako ce.

Na biyu, duk tafiyar da hannu ke tsaye wuri ɗaya. Ɗan garuwa mai tura kurar jarkoki, mai tura baro a kasuwa, yarinyar da ta tallabe tiren talla, uwa mai riƙe da yaro a kafaɗa, dattijon da ya harɗe hannuwa a baya ko ya naɗe babbar riga ya riƙe: duka waɗannan suna tafiya, agogo yana gyangyaɗi. Ɗan garuwa na iya fin kowa a unguwa tafiya, agogo ya ba shi lissafin ma'aikacin banki.

Na uku, 'yar gajerar kai-da-kawowa. Domin guje wa ƙirga motsin banza, yawancin manhajoji sukan jira sai sun ji taku da dama a jere kafin su fara lissafi. Uwargidan da ke zirga-zirga tsakanin ɗaki da madafa da rijiya, taku biyar nan shida can, tana asarar kaso mai yawa. Na huɗu shi ne mantuwa. Mukan kwance agogo domin alwala ko wanka mu bar shi a kan taga, ko mu bar shi a wurin caji. Agogon da ke kan taga ba ya ƙirga wa kowa komai.

Inda yake cika mudu har ya zuba

Haka kuma akwai inda yake ba mutum abin da bai yi ba. Daka a turmi, tuƙin tuwo, wanki, shara, tankaɗe, fifita da mafici a daren bazara, duka motsin hannu ne mai maimaituwa wanda ke iya ruɗar manhajar. Wata 'yar'uwarmu ta ce ranar da aka yi suna a gidansu agogonta ya yi mata tafi da murnar cika buri tun kafin azahar, alhali ba ta taka ƙofar gida ba. Daka aiki ne mai gajiyarwa, kuma motsa jiki ne na gaske, sai dai ba taku ba ne. Mafi yaudara a cikinsu ita ce hawan kabu-kabu ko keke mai ƙafa uku a hanya mai gargada, inda mutum ke zaune ana jijjiga shi, agogo na rubuta masa ladar tafiya. Mai yawan magana da hannu ma yakan sami 'yar kyauta. Abin da ya sa kamfanoni ke ba da shawarar a ɗaura shi a hannun da ba a cika aiki da shi ba ke nan, wato hagu ga yawancinmu, a kuma gaya wa manhajar hannun da aka zaɓa.

Gwajin da kowa zai iya yi

Gani ya kori ji. Kowa ya sami fili miƙaƙƙe, ya rubuta lambar da ke fuskar agogo, ya yi taku 200 yana ƙirgawa da baki a tafiyarsa ta yau da kullum, ya tsaya ya ɗan jira, sa'an nan ya duba. Ya maimaita sau uku. In bambancin bai wuce taku goma ba, agogon ya yi kyau. In ya haura ashirin, a gyara ɗaurin, domin agogo mai sako-sako yana ƙara kuskure, a sake gwadawa. Daga nan a gwada da hannu a aljihu, a ga yadda lissafin zai faɗi. Wanda ya yi wannan ya san halin agogonsa kamar yadda mai awo ya san tiyarsa.

Misalin tiya ya dace a nan. Matar da kullum take auna gero da tiya ɗaya, ko da tiyar ba ta cika daidai ba, za ta gane ko cin gidanta ya ƙaru ko ya ragu. Haka agogo yake. Amfaninsa yana cikin kwatanta makon jiya da na yau a hannun mutum ɗaya. Gardamar da ake yi a majalisa, wane ya fi wane taku, alhali agogunansu ba iri ɗaya ba ne, awo ne da tiya biyu mabambanta. Ga wanda ba ya da agogo kuma, wayar da ke aljihunsa tana da irin wannan na'ura. Wanda ba ya da ko ɗaya ya riƙe wannan: taku 100 a minti ɗaya shi ne ma'aunin tafiya mai ɗan sauri, rabin sa'a kuwa ya ba da kimanin taku 3,000, wato sama da kilomita biyu.

Abin da ba a yarda da agogo a kansa

Nan ne muke roƙon a tattara hankali. A bayan agogon akwai koren haske da ke ƙyaftawa, yana auna yadda jini ke kai-kawo a ƙarƙashin fata, da haka yake ƙiyasta bugun zuciya. A 2017 Jami'ar Stanford ta gwada agoguna bakwai a jikin mutane 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma wajen lissafin kuzarin da jiki ya ƙone, wato kalori, babu ko ɗaya da ya yi daidai: mafi kyawunsu ya kauce da kashi 27, mafi muninsu da kashi 93. Saboda haka wanda agogo ya gaya wa ya ƙone abinci mai yawa, kada ya ɗauki hakan lasisin ƙara malmalar tuwo.

Mafi haɗari su ne agogunan araha da suka cika kasuwanninmu, waɗanda kwalinsu ke cewa suna auna hawan jini da sugan jiki. A watan Fabrairun 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa kada a yi amfani da agogo ko zobe da ke da'awar auna sugan jini ba tare da huda fata ba, ta kuma ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Awon hawan jini ma, abin dogaro shi ne na'urar da ake naɗawa a damtse tana matsewa. Ƙalilan ɗin agogunan manyan kamfanoni da ke ƙiyasta shi, sai an riƙa daidaita su da waccan na'ura lokaci-lokaci. Wasu na arahar kuwa ko a kan teburi aka kifa su za su nuna lamba.

Mun san gidan da wata tsohuwa ta ajiye ƙwayoyinta na hawan jini saboda agogon da jikanta ya aiko mata kullum yana nuna lamba mai kyau. Da ciwon kai ya tsananta aka kai ta asibiti, awon ya nuna jinin ya yi sama ƙwarai. Allah ya taƙaita, amma da an ƙara kwanaki da labarin ya sha bamban. Jikan ya yi niyyar alheri, sai dai ya aika kyauta ba tare da bayani ba. Duk wanda ya ba iyayensa agogo, wajibi ne ya haɗa da magana ɗaya: "Baba, Inna, wannan na ƙirga tafiya ne, ba likita ba ne. Kada a bar magani sai da izinin likita."

Batir da zafin Sakkwato

Agogon da ya mutu ba ya ƙirga komai, saboda haka ƙarkon caji yana daidai da ingancin lissafi wajen muhimmanci, musamman a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Batiran waɗannan agoguna na sinadarin litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma masana uku da suka ƙirƙiro shi suka sami lambar yabo ta Nobel a 2019. Bambancin da ke tsakanin agoguna yana da faɗi. Mi Band na farko da Xiaomi ya fitar a 2014 ba shi da fuska, an ce yana kwana 30 da caji ɗaya. Apple Watch da ya fito a 2015 sa'a 18 aka yi alkawari, domin shi ƙaramar kwamfuta ce a hannu. Yawancin siraran agoguna suna tsakanin mako ɗaya da uku.

Adadin da ke jikin kwali an same shi ne a ɗakin gwaji, an rage haske, an kashe wasu ayyuka. Abubuwa huɗu ne ke shanye caji. Na farko fuska: Smart Band 8 na Xiaomi, wanda ya fito a 2023, kamfanin ya ce yana kwana 16, amma in aka bar fuskar a kunne koyaushe sai ya koma kwana 6. Mu kuma saboda hasken ranarmu mukan ƙure hasken fuskar domin mu iya karantawa. Na biyu na'urar gano wuri ta tauraron ɗan'adam: Fitbit Charge 5 na 2021 yana kai kwana bakwai, amma in aka kunna ta ba tsayawa, sa'a biyar ne. Na uku awon zuciya da na iskar jini dare da rana. Na huɗu saƙonni: wanda ke cikin zaurukan WhatsApp goma, agogonsa na girgiza da kowane saƙon barka da Juma'a, kada ya zargi kamfani.

Sai babban abokin gaba, wato zafi. Kamfanin Apple ya bayyana cewa zafin da ya haura digiri 35 na iya rage ƙarfin batir ragi na dindindin. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin garinmu kan haura 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuma yakan wuce 60. Agogon da aka manta a gaban mota, ko aka sa caji da tsakar rana a ɗakin kwano, ya tsufa kafin lokacinsa. Ko ba zafi, batir na raguwa da yawan caji, kuma yawancin waɗannan agoguna a manne suke, sauya batirinsu ba abu ne mai sauƙi ba. Mai saye ya san kayan 'yan shekaru ya saya, ba irin agogon da ake gada ba.

Abin da muke shawarta shi ne: a yi caji da sassafe ko da dare a wuri mai iska, kada a bari ya mutu murus sau da yawa, in za a ajiye shi na tsawon lokaci a bar shi da rabin caji, inda wutar janareto ke hawa da sauka a yi cajin daga fawa bank, a riƙa goge ƙurar hunturu da gumi daga 'yan ƙarafan cajin da ke bayansa. In bayan agogo ya kumbura ko yana zafi a fata, a cire shi nan take. A watan Maris na 2022 kamfanin Fitbit ya janye agogonsa samfurin Ionic kimanin miliyan 1.7 daga hannun jama'a saboda batirinsa na yin zafi yana ƙona mutane. In babban kamfani ya gamu da haka, ina ga wanda ba a san ko sunan maƙerinsa ba? Araha ba ta ado. Ga iyayenmu da ke gida, ƙaramin agogo mai manyan lambobi wanda ke mako biyu da caji ya fi mai tsada da ke neman wuta kowane dare.

Abin da ya rage gare mu

Muna gabatar wa ƙungiya shawarwari huɗu. Na ɗaya, kowane reshe ya sanya ranar tattaki sau ɗaya a mako, bayan asuba kafin rana ta ɗaga, a tanadi ruwan sha, mata ma a tsara musu nasu a wuri mai sutura kamar harabar makaranta. Na biyu, a sayi na'urar awon hawan jini ta damtse da ta awon suga a ajiye a unguwa, 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya su riƙa auna dattawa kowane wata. Kuɗin agogo mai tsada ɗaya ya isa wannan. Na uku, maniyyata aikin hajji su fara atisayen tafiya watanni kafin tashi, domin safa da marwa kaɗai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Mai ciwon zuciya ko na gwiwa ya nemi shawarar likita tukuna. Na huɗu, mu sa maganar dashen itatuwa da gyaran gefen hanya cikin ayyukanmu, domin ba wanda zai yi tattaki a titin da babu inuwa, babu wurin taka ƙafa.

Kammalawa

'Yan'uwa, agogon nan bawa ne mai amfani in an san iyakarsa. Yana rage wa tsoho, yana ƙara wa mai daka, yana gajiya da zafinmu, kuma ba ya maye gurbin likita. Duk da haka yana gaya mana gaskiyar da ba mu son ji, cewa mun zauna da yawa. Kakanninmu ba su taɓa ƙirga takunsu ba domin ba su da buƙata, mu ne zamani ya kai ga sai an ƙirga mana. Muna fata in Allah ya kai mu taron baɗi, kowane reshe zai zo da rahoton makonnin da ya fita tattaki da adadin dattawan da aka auna, kamar yadda yake zuwa da rahoton kuɗi.